Darasi na 9: Idan an sa wa gidanka kuɗin da bai kai ba

Wata mata tana da gida mai ɗaki uku a kudancin birnin Shikago, a ƙasar Amurka. Wata rana ta dawo daga aikin dare, ta buɗe akwatin wasiƙa, ta kwaso takardu. Akwai tallan kanti, akwai takardar kuɗin wuta, akwai wani farin ambulan daga ofishin gunduma. Ta buɗe ambulan ɗin, ta ga ba a ce ta biya ko sisi ba, sai ta tura shi ƙarƙashin faifan da take ajiye makulli, ta kwanta. Bayan shekara guda takardar haraji ta iso da ƙarin da ya sa ta zauna a bakin gado. Ta tafi ofis za ta yi magana, aka ce mata ai lokacin magana ya wuce tun bara. Farin ambulan ɗin nan da ta tura ƙarƙashin faifai, shi ne ya kamata ta yi faɗa da shi.

A wannan darasi za mu koyi karanta irin wannan takarda, mu yi lissafinta da hannu, mu kuma ga yadda ake shigar da ƙorafi. Misalinmu gundumar Kuk ce a jihar Ilinoi, wadda birnin Shikago yake cikinta. Mutanenta sun haura miliyan 5, kuma a duk Amurka gundumar Los Anjalas kaɗai ta fi ta jama'a.

Wa ke sa wa gida kuɗi?

Dattawanmu da suka san zamanin jangali sun san abu ɗaya: ba a ranar karɓar kuɗi ake gardama ba, a ranar ƙidayar shanu ake yi. Idan an rubuta maka shanu hamsin alhali talatin gare ka, kuma ka yi shiru, to kuɗin hamsin za ka biya. Harajin gida ma haka yake.

A gundumar Kuk akwai jami'i da jama'a ke zaɓa, ana kiransa Asesa, wato mai ƙiyasi. Aikinsa shi ne ya faɗi nawa kowane gida zai yi in an kai shi kasuwa. Ba shi ke yanka haraji ba, ba shi ke karɓa ba. Makarantu da hukumar birni da hukumar wuraren shaƙatawa da ita kanta gunduma, kowace tana faɗin kuɗin da take buƙata a shekara. Akawun gunduma ya lissafa kason da zai hau kan kowa, Ma'ajin gunduma ya aiko da takardar biya. Kaso mafi tsoka makarantu ke ɗauka.

Ka riƙe wannan da kyau, domin a nan mutane da yawa ke ɓata. Idan ka je ka ce haraji ya yi maka yawa, albashinka bai kai ba, za a tausaya maka amma ba za a rage ko dala ɗaya ba. Abin da doka ta ba ka damar ƙalubalanta shi ne ƙimar da aka sa wa gidan.

An raba gundumar gida uku: birnin Shikago, garuruwan arewa, sai garuruwan kudu da yamma. Kowane kashi ana sake masa ƙiyasi sau ɗaya a shekara uku. Na birnin Shikago an yi a 2018, da 2021, da 2024. Gidaje da filaye sun kusa miliyan biyu, saboda haka ba wanda ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya duba ko rufinka na yoyo. Kwamfuta ake ɗora wa bayanan cinikin gidajen unguwa, ita ta fitar da adadi. Kwamfuta kuwa abin da aka ba ta shi take taunawa.

Karanta takardar

Ɗauko takardarka, ko wadda malami ya raba a aji. Nemi waɗannan abubuwa ka ja musu layi da fensir.

Na farko lambar gida, wadda ake kira PIN. Lamba ce mai alƙaluma 14, ita ce sunan gidanka a wurin hukuma. Kwafe ta a littafinka sau biyu, ka karanta da ƙarfi ka tabbata ba ka juya wani alƙalami ba. Na biyu ƙimar kasuwa. Na uku ajin gida: 2-03, alal misali, gida ne marar bene mai faɗin murabba'in ƙafa 1,001 zuwa 1,800, shi kuwa 2-11 gini ne mai ɓangarorin haya biyu zuwa shida. Na huɗu bayanin gida: faɗinsa, shekarunsa, da bulo aka gina shi ko da katako, yana da gareji ko babu. Na biyar, wanda ya fi duka muhimmanci, ranar rufe karɓar ƙorafi.

An raba gundumar zuwa yankuna 38, takwas daga ciki a birnin Shikago suke, irin su Haid Fak da Rojas Fak da Jefasin. Kowane yanki da ranar da ake buɗe masa ƙofa da ranar da ake rufewa, kuma tsakaninsu 'yan makonni ne kawai. Abokin aikinka da ke wata unguwa zai iya ce maka "ai da saura lokaci", kuma gaskiya ya faɗa, amma lokacin yankinsa yake nufi. Rubuta taka ranar da manyan baƙaƙe ka manna a jikin firji.

Mu yi lissafi

A ce an sa wa gidan matar nan dala 250,000. A gundumar Kuk gidan zama kashi 10 cikin 100 na ƙimarsa ake ɗauka, shago da ofis kuwa kashi 25. To nata ya zama 25,000.

Daga nan sai hukumar haraji ta jihar Ilinoi ta kawo wata lamba da ake ninkawa da ita don daidaita gundumomi. Tana canzawa kowace shekara, amma a 'yan shekarun nan tana yawo ne kusa da 3. Mu ɗauki 3. Sau uku na 25,000 shi ne 75,000.

Tun da a cikin gidan take zaune, tana da rangwamen mai gida, ana cire mata 10,000. Saura 65,000. A ce kason haraji na unguwarta kashi 7 ne cikin 100. Kashi 7 na 65,000 ya kama dala 4,550 a shekara.

Yanzu sake lissafin da kanka, amma ka fara da 220,000. Za ka sami 22,000, sannan 66,000, sannan 56,000, a ƙarshe dala 3,920. Bambancin dala 630 ne a shekara ɗaya. A wasu garuruwan kudancin gundumar kason haraji ya ninka na birni sau biyu ko fiye, don haka kuskure iri ɗaya a can ya fi ciwo.

Wanda bankinsa ke biya masa haraji daga kuɗin bashin gida na wata-wata, kada ya ce abin bai shafe shi ba. Banki ba daga aljihunsa yake biya ba. Zai ƙara maka a kuɗin wata ne kawai.

Da wace hujja za ka je?

Hujja mafi sauƙi ita ce kuskure a bayanin gida. An rubuta gareji alhali an rushe shi tun kafin ka saya. An rubuta murabba'in ƙafa 1,500 alhali 1,200 ne. Ka sani daga waje hukuma ke auna gini, ba daga cikin ɗaki ba, don haka ɗauki tef ka zagaya bango ta waje. Takardar safiyo da aka ba ka ranar saye ma tana taimakawa. Ɗauki hotuna masu haske na gaba da baya da gefe.

Hujja ta biyu ita ce an yi wa gidan tsada. Idan ba ka daɗe da sayensa ba, kuma kuɗin da ka biya bai kai abin da aka rubuta ba, kawo takardun kammala ciniki. Amma cinikin ya zama na kasuwa. Gidan da yayanka ya sallama maka a kuɗin zumunci ba zai zama ma'auni ba. Idan gobara ko ambaliya ta lalata gidan har ba ya zaunuwa, nan ma a kawo hotuna da takardun shaida.

Hujja ta uku ita ce aka fi amfani da ita, kuma ita ce ke buƙatar haƙuri: gidanka da na maƙwabta kusan ɗaya ne, amma an sa wa naka kuɗi fiye da nasu. Ƙimar kowane gida a gundumar a buɗe take a shafin intanet na ofishin Asesa, ba sirri ba ce. Duba ƙimar gidan maƙwabci ba sa ido ba ne, ba kuma za a ƙara masa haraji don ka ambaci gidansa ba.

Ga yadda matar nan za ta yi. Daga cikin 25,000 ɗinta, 4,000 na fili ne, 21,000 na gini. Faɗin gininta murabba'in ƙafa 1,200. Ta raba 21,000 da 1,200, ta sami 17.50 a kowane murabba'in ƙafa. Sai ta nemo gidaje uku a layinsu, ajinsu ɗaya da nata, shekarunsu kusan ɗaya, duk na bulo. Na farko faɗinsa 1,200, ƙimar gininsa 18,000, ya ba da 15. Na biyu 1,250 da 17,500, ya ba da 14. Na uku 1,100 da 16,500, ya ba da 15. To me ya sa nata ya zama 17.50? Idan aka yi mata 15 kamar sauran, gininta zai koma 18,000, a haɗa da fili 4,000 ya zama 22,000. Ka ga mun dawo kan dala 220,000 ɗin da muka lissafa ɗazu.

Kada son rai ya ja ka ka ɗauko ƙaramin gidan katako daga wata unguwa mai nisa don kawai ƙimarsa ƙasa take. Mai duba takardarka wannan ne aikinsa kullum, zai gane. Gidaje uku ko biyar masu kama da naka da gaske sun fi goma da aka tsinto.

Matakala uku

Ƙofar farko ofishin Asesa ne. Ana cike fom ta intanet, a ɗora hotuna da hujjoji. Kyauta ne, kuma mai gidan zama ba ya buƙatar lauya. A wurin bayani rubuta gajere: "Gidana yana aji 2-03. Gidaje uku masu kama da shi an yi musu 14 zuwa 15 a murabba'in ƙafa, nawa an yi masa 17.50. Ina roƙon a daidaita." Da Turanci za a rubuta, don haka in hannunka bai faɗa ba, ka tsara maganar da Hausa, wani ya juya maka, ka sa ya karanta maka lambobin ɗaya bayan ɗaya kana bi da yatsa.

Ƙofa ta biyu ita ce Hukumar Sake Duba Ƙiyasi. Hukuma ce dabam, mai kwamishinoni uku zaɓaɓɓu, ba ta ƙarƙashin Asesa. Ita ma kyauta ce, ita ma kowane yanki da nasa wa'adin. Ko Asesa ya ƙi ƙorafinka, ko ya rage kaɗan, ko ma ba ka je wurinsa ba sam, kana da damar zuwa nan. Da matar nan ta san haka, da wataƙila ta tarar da wannan ƙofa a buɗe bayan ta farko ta rufe.

Ta uku hukumar ɗaukaka ƙarar harajin gidaje ce ta jihar Ilinoi, kuma kwana 30 gare ka daga ranar hukuncin Hukumar Sake Duba. Akwai kuma hanyar kotu, amma wannan aikin lauya ne.

Ba sai shekarar sabon ƙiyasi ake ƙorafi ba, kowace shekara ana buɗe ƙofa. Kuma shigar da ƙorafi ba ya dakatar da biya. Haraji kashi biyu yake zuwa: na farko kashi 55 cikin 100 na abin da ka biya bara, na biyu shi ne ke ɗauke da sabon lissafi, a nan ragin da ka samu zai bayyana, a shekarar da ke biye. Wanda ya ƙi biya yana jiran hukunci, kuɗin ruwa zai riƙa hawa masa kowane wata.

Za ka ga wasiƙu daga kamfanoni da lauyoyi suna cewa su yi maka aikin, su ɗauki kaso daga abin da aka rage. Ba laifi ba ne, kuma mai babban gini ko shago yana buƙatarsu. Amma ga gida ɗaya na zama, a ganina, aikin yamma ɗaya ne da kalkuleta.

Me ya sa shiru ke da tsada

Kuɗin da makarantu da hukumomi suka nema ba ya raguwa don an rage wa wani ƙima. Tuwon yana nan yadda yake, rabon ne ke canzawa. Abin da aka sauke wa mai ƙorafi, a kan waɗanda suka yi shiru yake sauka. A 2017 jaridar Chicago Tribune ta yi dogon bincike ta nuna cewa a gundumar Kuk an daɗe ana yi wa ƙananan gidaje ƙima fiye da kuɗinsu, manya kuma ƙasa da kuɗinsu, sannan masu hali su ne suka fi shigar da ƙorafi, abin da ya ƙara faɗaɗa tazarar. A zaɓen fidda gwani na watan Maris 2018 Asesa na lokacin, Joseph Berrios, ya sha kaye a hannun Fritz Kaegi.

Kafin ka rufe littafi, duba takardar harajinka ta biyu ka ga ko an cire maka rangwamen mai gida. Wanda ya kai shekara 65 yana da ƙarin rangwamen dattawa na 8,000. Idan ka cancanta ba a cire maka ba a shekarun baya, akwai takardar gyaran kuskure da ake cikewa a ofishin Asesa a mayar maka da kuɗinka.

Aikin gida

1. An sa wa wani gida dala 180,000. Bi matakan lissafin da muka yi, da lambar ninki 3, da rangwamen mai gida, da kaso 7 cikin 100. Nawa ne harajin?

2. Ƙimar wani gini 19,800 ce, faɗinsa murabba'in ƙafa 1,100. Nawa aka yi wa kowane murabba'in ƙafa? Idan na maƙwabta 15 ne, nawa ya kamata ƙimar ginin ta zama?

3. Rubuta jimla uku da Hausa kana bayyana wa ofishin Asesa cewa an rubuta maka garejin da babu shi. Ka zo da su aji mai zuwa, tare da lambar gidanka mai alƙaluma 14 da sunan yankinku.