Yadda Za Ka Karanta Yaƙin Vossenack da Ƙafarka

Idan ka isa Vossenack, ɗan ƙauyen nan na gundumar Düren a yammacin Jamus, kada ka yi gaggawar shiga gidan tarihi. Fara tsayawa a bakin cocin garin ka ƙare wa ƙasar kallo. Ƙauyen a miƙe yake bisa doron tudu, fili fetal a gefensa, dajin Hürtgen ya yi masa ƙawanya. Waiga arewa maso gabas, ga tudun Brandenberg da Bergstein. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga can Jamusawa ke hangen duk abin da ya motsa su yi masa ruwan igwa. Runduna ta 28 ta sojan Amurka ta kama ƙauyen ran 2 ga Nuwamba 1944, sai kamun ya zame mata ƙarfen ƙafa.

Daga coci sai ka gangara hanyar kwarin kogin Kall. Sa takalmi mai kama ƙasa; ni da na raina gangaren, sau biyu ina shan ƙasa a taɓo. Tafi a hankali, ka tsaya inda dutse ya turo kai cikin hanya, rami kuma na ɗaya gefen. Buɗe hannuwanka ka auna faɗin wurin. Ta wannan siririyar hanya aka ce tankokin yaƙi da harsashi da abinci su bi zuwa ƙauyukan Kommerscheidt da Schmidt da ke hayin kwarin. Tankoki suka yi ta zubar da sarƙarsu suna toshe hanya, na gaba suka rasa ɗauki. A ganina wanda ya tsara harin a taswira ya ga hanyar, bai taka ta ba.

A ƙasan kwarin akwai gadar dutse kusa da tsohon gidan niƙa na Mestrenger. Huta a nan. A wannan yanki ne likitan sojan Jamus, Günter Stüttgen, ya sa aka tsagaita wuta don a kwashe masu rauni na ɓangarorin biyu.

In da sauran ƙarfi, haura zuwa Kommerscheidt. Amurkawa sun shiga Schmidt ran 3 ga Nuwamba, washegari aka fatattake su, ba su sake kama shi ba sai Fabrairun 1945.

Kada ka saki hanya ka kutsa daji. Har yau ana tono bama-baman da ba su fashe ba. In ka ga ƙarfe mai tsatsa ya leƙo daga ƙasa, bar shi inda yake, ka kira 'yan sanda a lamba 110.