Yadda za ka rubuta asaimen kan cuɗanyar Misira da Nubiya ba tare da ka yi kwaɓa ba

Duk shekara ɗalibai suna kawo min aikin nan kan yadda cuɗanyar Misira da Nubiya ta fara kuma kuskuren ɗaya ne, wai Misira ce malama Nubiya ɗaliba, shikenan an gama. To ga yadda nake so a yi.

Fara zana Kogin Nilu da biro, kar ka ƙona data wajen neman taswira mai kala. Sa Aswan a sama, daga nan ka yi kudu har cikin Sudan ta yau, Nubiya kenan. Misirawa na kiran bakin yankin Ta-Seti, wato ƙasar baka, don maharban can ba wasa, har soja ake ɗaukarsu.

Sai ka raba takarda biyu, me ya tafi arewa me ya zo kudu. Arewa dai zinariya, hauren giwa, turare, fatar damisa. Harkhuf, wani babban jami'i na zamanin Fir'auna Pepi na 2, ya rubuta a kabarinsa da ke Aswan cewa ya dawo daga ƙasar Yam ta can kudu da jakai 300 ɗauke da kaya. Kudu kuwa tulunan giya da kayan tagulla.

Yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, ni ma nan na sha jan biro ina ɗalibi. Ganin kayan Misira a kabarin Nubiya ba ya nufin Misirawa ke mulkin wurin! George Reisner da kansa, masanin tonon kayan tarihi da ya tona Kerma, wani tsohon birni a Nubiya, daga 1913, ya samu gunkin wata mata Sennuwy, matar gwamnan Asyut ta Misira, sai ya ce ai mijinta ne ya mulki Kerma. Ashe gunkin ya girmi kabarin da ɗaruruwan shekaru, daga baya aka kwaso shi, Kerma kuwa daular kanta ce da sarakunanta. Don haka kowane abu ka tambaye shi ina aka ƙera ka, yaushe, kuma yaushe aka binne ka. Ka duba gawar ma, mutanen Kerma a kan gado suke binnewa, da kofunansu ja masu baƙin baki, ba irin na Misira ba.

Sauran kar ka ja shi. Fir'auna Thutmose na 1 ya ci Kerma wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, can gaba Piye, sarkin Nubiya, ya taso daga birnin Napata ya ci Misira, layi biyu ya isa tunda tambayar kan farkon cuɗanya ce.