Darasi na 9: Wasiƙar Wanda Ya Riga Ka Zama a Gidan

Wannan darasi na 'yan'uwanmu ne da karatu ko aiki ko aure ya kai Ingila. A karanta shi a hankali, malami ya fara, sannan 'yan aji su bi ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya zo da biro da tsohon ambulan.

A ce ka kama haya a Manchester. Mai gida ya ba ka mabuɗi, ka murɗa, ka tura ƙofa, sai ka ji wani abu ya tokare ta daga ciki. Ka leƙa. Tarin ambulan ne a ƙasa, farare da masu ruwan ƙasa, wasu har sun yi ƙura. Ta ɗan ramin nan da ke jikin ƙofa mai raba wasiƙu yake zuro su. Ka ɗauki ɗaya ka duba: lambar gidan taka ce, sunan titi naka ne, amma sunan mutumin ba naka ba ne.

A gida ba mu saba da haka ba. Yawancinmu akwatin gidan waya muka sani, ko jakar gidan waya ta makaranta ko ta ma'aikata, ko kuma a rubuta "ta hannun wane". Idan mutum ya tashi daga unguwa, kowa ya san inda ya koma, ko yaro aka ba wa zai kai masa. A Ingila kuwa wasiƙa gida take bi, kuma sau da yawa ko fuskar wanda ya bar maka ɗakin ba ka taɓa gani ba.

Kada ka buɗe

Abu na farko shi ne ka riƙe hannunka. Dokar harkokin gidan waya ta 2000, a sashe na 84, ta ce laifi ne mutum ya buɗe wasiƙar da ya san ba shi aka kawo wa ba, idan ya yi hakan da nufin cutar da mai ita kuma ba shi da wani uzuri karɓaɓɓe. Hukuncin tara ne, ko ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6. Wanda ya yage ambulan bisa kuskure, yana sauri bai duba suna ba, ba shi dokar take nufi ba. Sai ya liƙe shi, ya rubuta a jiki cewa kuskure aka yi, ya mayar.

Ni dai ko babu doka ina ganin amana ce ta faɗo maka ta ramin ƙofa. Ba ka san abin da ke ciki ba. Wataƙila ranar ganin likita ce da baiwar Allah ta yi watanni tana jira. Wataƙila katin banki ne, ko amsar takardun zama a ƙasa. Mu da muke baƙi mun fi kowa sanin yadda zuciya take bugawa idan ana jiran irin wannan takarda. Saboda haka kwandon shara ba wurinta ba ne, kuma bayan firji ma ba wurinta ba ne.

Akwai guda ɗaya da za ka buɗe ba fargaba. Idan ka ga an rubuta "The Occupier" a wurin suna, ma'anarsa mazaunin gida, wato kai ke nan. Kamfanin wuta ko na ruwa ko ƙaramar hukuma sukan yi haka idan ba su san sunan sabon ɗan haya ba.

Mayar da ita inda ta fito

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba. Ɗauki biro ka ja layi a kan adireshin, amma ka bar sunan mutumin a fili yadda za a iya karantawa. Sannan ka rubuta wannan da manyan baƙaƙe a gaban ambulan:

NOT KNOWN AT THIS ADDRESS. RETURN TO SENDER.

Ma'anarsa, ba a san shi a wannan adireshi ba, a mayar wa wanda ya aiko. Sai ka jefa ta cikin jan akwatin nan na bakin titi. Ba sai ka manna kan sarki ba. Royal Mail, kamfanin da ke raba wasiƙu a ƙasar, zai mayar da ita ga adireshin da ke bayan ambulan. Idan babu adireshi a baya, akwai cibiyarsu a birnin Belfast inda aka yarje wa ma'aikata su buɗe irin waɗannan wasiƙu don gano mai su.

Amfanin mayarwa biyu ne. Banki ko asibitin da suka aiko za su gane mutumin ya tashi, su neme shi ta waya ko ta imel. Kai kuma a hankali tarin zai ragu. Kada ka gaji idan ka mayar sau biyu ka ga ta uku ta zo, wasu ofisoshin suna da nawa wajen gyara rajistarsu.

Wani abu da ke tsorata mutanenmu shi ne ambulan mai jan rubutu na neman bashi. Ka kwantar da hankalinka. Bashin mutum yana kan mutum ne, ba a kan gidan da ya zauna ba. Mayar da ita kamar sauran. Idan har wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman tsohon mazaunin, ka nuna masa takardar yarjejeniyar hayarka mai ɗauke da sunanka da ranar da ka shiga.

To, idan ka san inda ya koma fa?

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sai su soke tsohon adireshi, su rubuta sabo a gefe, su jefa a akwati, suna ganin kan sarkin farko ya isa. Wani lokaci takan isa, shi ya sa al'adar ta bazu. Amma ƙa'idar Royal Mail ba ta ɗora musu nauyin kai irin wannan wasiƙa ba. Kuɗin da mai aikowa ya biya na kaiwa adireshin da ya rubuta ne, kuma an riga an kai, aikin ya ƙare a ƙofarka. Tafiya ta biyu sabon aiki ce. Tana iya isa, tana iya maƙalewa, tana kuma iya isa da katin neman biya, mutumin ya biya kafin a ba shi.

Idan kana son ta isa lafiya, ka sa ta cikin sabon ambulan ba tare da ka buɗe ta ba, ka rubuta suna da sabon adireshi har da lambar yanki ta ƙarshe, wadda ta haɗa baƙaƙe da alƙaluma, ka manna sabon kan sarki.

Bari mu ɗan tsaya a kan kalmar nan. Kan sarki na farko a duniya a Ingila aka fitar da shi a 1840, kwabo ɗaya kuɗinsa, da hoton kan Sarauniya Victoria a jiki. Kafin nan yawanci wanda aka kawo wa wasiƙa ne yake biya. Yau hoton kan Sarki Charles na Uku ne a jiki, don haka sunan da kakanninmu suka raɗa masa yana nan daidai.

Yanzu ga kuɗin. Kwabo 100 ne fam ɗaya. A watan Afrilun 2025 kan sarki mai daraja ta ɗaya, wanda ya fi sauri, ya koma fam 1 da kwabo 70. Mai daraja ta biyu kuma ya koma kwabo 87 a lokacin. Farashin yakan ƙaru, ka tambaya a kanta kafin ka saya. Wannan kuɗi na ƙaramar wasiƙa ne, wadda nauyinta bai wuce giram 100 ba, tsawonta santimita 24, faɗinta santimita 16 da rabi, kaurinta rabin santimita. Idan ka tara wasiƙu huɗu ko biyar a babban ambulan guda, sun fita daga wannan aji. Kai su gidan waya a ɗora a sikeli, sau da yawa hakan ya fi arha a kan aika kowace daban. Ka lura kuma, tsofaffin kan sarki na yau da kullum marasa ɗan zanen nan da na'ura ke karantawa a gefe sun daina aiki tun ƙarshen Yulin 2023. Idan ka tsinci irinsu a aljihun tebur, kada ka manna.

Wa ya kamata ya biya? Mai wasiƙa. Idan kuna da lambar juna, babu kunya ka ce masa ya bar maka ambulan masu kan sarki da adireshinsa a rubuce, ko ya riƙa biyowa ƙarshen wata ya kwasa. Ka yi masa sau ɗaya ko sau biyu don Allah, wannan makwabtaka ce. Amma ba a ce ka zama gidan wayarsa shekara guda ba.

Ranar da kai ne za ka tashi

Ɗan haya ba ya rasa tashi. Royal Mail suna da tsarin da ake kira "Redirection", wato karkatar da wasiƙa. Za ka biya, su riƙa tare duk wasiƙar da ke ɗauke da sunanka tun a ofishinsu, su juya ta zuwa sabon gidanka. Ana saye na wata 3, ko 6, ko 12. Ko na wata 3 ya haura fam 30, kuma akwai ƙari a kan kowane baligi da aka sa a ciki. Idan wata ƙasa za ka koma, kuɗin ya fi haka sosai. Ana nema ta intanet ko a gidan waya, da shaidar ko kai wane ne da shaidar tsohon adireshinka. Ka ba su aƙalla kwana 5 na aiki kafin ranar tashi. Ka sani kuma, kayan da wasu kamfanonin dako suke kawowa ba sa cikin wannan tsari.

Na ga masu cewa kuɗin ya yi yawa. Gaskiya ba kaɗan ba ne ga ɗalibi. Amma na san wata ma'aikaciyar jinya da ta tashi ba ta gaya wa kowa ba, takardar tarar ajiye mota ta je tsohon gida, ta biyu ta bi ta, ba ta ji labari ba sai da kuɗin ya ninka. Karkatarwar tana ba ka lokaci ne kawai ka sanar da kowa da kanka: banki, wurin aiki, asibitin unguwa, ofishin haraji, ƙaramar hukuma, makarantar yara, da ofishin shige da fice idan da biza kake zaune. Canza adireshi a lasin tuƙi kyauta ne a DVLA, hukumar da ke ba da lasin, wanda kuwa ya ƙi canzawa ana iya cin sa tara har fam 1,000.

Amurka tsarinta daban ne. A can gidan waya yana bin mutum da wasiƙunsa masu daraja ta ɗaya har wata 12 ba tare da kuɗin turawa ba, muddin ya cike takardar canza adireshi. Kada wanda ya zauna can ya ɗauka haka abin yake a Ingila.

Aikin aji

Kowa ya ɗauki ambulan ɗinsa ya ja layi a kan adireshi, ya bar suna, ya kwafi kalmomin mayarwa sau uku har hannu ya saba. Malami ya zagaya ya duba baƙaƙen.

Sai lissafi. Wasiƙu 3 za ka tura, kowace a ambulan ɗinta, da kan sarki na kwabo 87. Nawa za ka kashe? Idan da na fam 1 da kwabo 70 ne fa? Nawa ne bambancin?

A gida kuma, ka rubuta sunayen duk wuraren da suke da adireshinka na yanzu, ka fara da wanda wasiƙarsa za ta fi cutar da kai idan ta ɓata. Ka zo da takardar mako mai zuwa.