Yadda ake zaɓar batirin ɗaki na motar zango

Motar zango, wato mota mai ɗakin kwana a cikinta, wadda a Amurka ake kira RV, batir iri biyu take ɗauka. Na tayar da inji aikinsa na 'yan daƙiƙu ne: ya saki wuta mai ƙarfi, altaneta ta mayar masa. Na ɗaki kuwa shi ke riƙe fitilu, famfon ruwa, fanka da firiji duk dare, a hankali. Faifan dalmar da ke cikin na tayar da inji sirara ne, idan ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum ba zai yi shekara ba. Don haka batirin ɗaki dole ya zama mai jure doguwar zuƙa.

Kafin ka je shago, ka zauna da biro. Kowane kaya ka ninka amfiyarsa, wato yawan wutar da yake ja, da awannin da yake aiki a rana. Abin da ka samu shi ne Ah, awon da ake auna cikin batir da shi. Misali: firiji mai bolt 12 yana cin kusan Ah 40 a rana, fankar rufi mai amfiya 2 ta yi awa 8 ta ci Ah 16, fitilu Ah 8, famfon ruwa Ah 3, cajin waya da kwamfuta Ah 10. Jimla kusan Ah 80. Idan kana son kwana biyu a daji ba tare da caji ba, Ah 160 ke nan za ka zuƙa.

A nan nau'in batir ke sauya lissafi. Batirin dalma, ko mai ruwa ko rufaffen da ake kira AGM, ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, saboda haka Ah 160 ɗin nan yana nufin ka sayi Ah 320. Na litiyam irin LiFePO4 ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, Ah 200 ya wadatar. Nauyi ma ya bambanta sosai: batirin dalma mai Ah 100 yana kai kilo 27 zuwa 30, na litiyam kilo 11 zuwa 14. A mota mai iyakar lodi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai ruwa shi ne mafi araha. Masu motocin zango da yawa suna sayen batirin motar filin golf guda biyu, kowanne bolt 6 da kusan Ah 225, su haɗa kan (+) na ɗaya da kan (−) na ɗayan, su samu bolt 12 da Ah 225. Amma yana son kulawa: a duba ruwansa duk wata, a ƙara tataccen ruwa irin wanda ake kira "distilled" kawai, ba asid ba, ba ruwan famfo ba. Yana fitar da iskar haidirojin lokacin caji, don haka wurinsa akwati ne mai ramin iska zuwa waje, ba ƙarƙashin gado ba. AGM a rufe yake, ba ya son ƙarin ruwa, yana jure girgizar hanya, sai dai caji fiye da kima na kashe shi. Dukansu biyu, idan aka bar su babu caji na makonni, farin gishirin sulfa ya daskare a kan faifan, ƙarfinsu ya tafi ba dawowa. Zafi ma abokin gaba ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsu.

Litiyam yana da tsada a farko, amma yana yin zagayen caji dubu biyu ko fiye, inda na dalma ke yin 'yan ɗaruruwa. Matsalarsa ita ce ba a cire tsohon batir a dasa shi kawai. Tsohuwar cajar motar da ke tsaye a bolt 13.6 ba za ta cika shi da wuri ba. Yana son 14.2 zuwa 14.6. Haɗa shi kai tsaye da altaneta kuma na iya ƙona ta, domin yana jan wuta iya ƙarfinta, sai a sa cajar DC-DC, wadda ke iyakance wutar da batirin zai ja, mai amfiya 30 zuwa 50 a tsakani. Ba a caja shi ƙasa da digiri 0. Mai tafiya inda dusar ƙanƙara ke sauka ya nemi mai na'urar ɗumama ciki.

Abin da aka fi mantawa shi ne iyakar BMS, na'urar da ke tsaron batirin daga ciki. Yawancin masu Ah 100 amfiya 100 kawai suke bari. Inbata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai wat 2,000 a bolt 12 tana jan sama da amfiya 170, sai batirin ya yanke wuta da kansa. Mafita: batir biyu a haɗe (+) da (+), (−) da (−), da waya mai kaurin milimita murabba'i 70, da fis kusa da kan (+), cikin santimita 18.

Kar ka haɗa sabo da tsoho, ko dalma da litiyam, a rukuni ɗaya. Mai rauni zai riƙa shanye mai ƙarfi. Ka auna akwatin batirin da tef kafin saye, musamman tsayi, domin na golf sun fi na mota tsawo. Kuma idan litiyam ka zaɓa, sayi mitar da ke ƙirga amfiya ta hanyar shant, ɗan ƙarfen awo da ake sawa a kan wayar batirin. Awon bolt yana aiki a batirin dalma, 12.7 cike ne, 12.2 kusan rabi, amma litiyam yana zaune wajen 13.2 har ya kusa ƙarewa.