Furen Bakin Teku da Duman Rafi: Kurakuran Masu Neman Sunan Tsiro

Duk sanda wani ɗan Katsina ya je Legas ya taka yashin Badagry ko Lekki, ni ke shan wahala. Hoto zai shigo WhatsApp, fure ɗaya tal an tsinko an ɗora a tafin hannu, a ƙasa an rubuta, "Malam, mene ne sunan wannan?" Na gaji da maimaita amsa.

Fure kaɗai ba ya faɗa maka sunan tsiro, balle launinsa. Ku dubi tafasa da rai ɗore, da muke tattakawa kullum a bayan gari. Furensu duk ruwan ɗorawa ne. A ganye ake raba su: na tafasa ƙananan ganye shida ne, biyu-biyu, masu zagayayyen baki, na rai ɗore kuwa sun fi yawa kuma bakinsu da tsini. In na gida ma sai an duba ganye, ina ga na garin da ya yi mana nisan fiye da kilomita 1,000? Ɗauki hoton ganye ciki da baya, da kara, da 'ya'ya in akwai, da tsiron gaba ɗaya a inda ya fito. Ni biro nake ajiyewa a gefe don a gane girma.

Mafi yawan abin da ake turo mini daga bakin teku abu ɗaya ne: wani tsiro mai yaɗo a kan yashi, furensa kamar mazurari, tsakanin ruwan hoda da shunayya. Kowane Bakatsine ya gan shi sai ya ce duman rafi ne. Dangi ne, amma ba shi ba ne. Na teku sunansa Ipomoea pes-caprae, wato ƙafar akuya, saboda ganyensa mai kauri yana da tsaga a baki kamar kofato. Namu na gefen madatsun ruwan Ajiwa da Jibiya Ipomoea asarifolia ne, ganyensa zagayayye, lotsawarsa ta wajen gindi take. Idan kuma ganyen uku-uku ne, furen kamar na wake, to wannan Canavalia rosea ne, wani gida daban.

Yanzu ga kuskuren da ya fi ƙona mini rai, don ni ma na yi shi. Mutum ya ji cewa tsiro kaza ɗan'uwan kaza ne, shi ke nan sai ya kai baki ko ya zuba wa dabba. Ina ɗalibi, ilimi na yi mini ƙaiƙayi, na karanta cewa duman rafi da dankalin Hausa gidansu ɗaya. Rani ya yi tsanani a Daura, harawa ta yi tsada, ga shi kore shar a bakin ruwa. Na yanko dami na zuba wa awakin mahaifiyata, kwana da kwanaki. Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ya ce, "Yaro, ka taɓa ganin akuya ta kula shi tana da zaɓi?" Na yi masa Turanci a zuci. Ba a jima ba biyu suka fara karkarwa, kai na rawa, ƙafa ba ta ɗauka. Ɗaya sai wuƙa. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "To, boko ya ci akuya." Har yau in na ji wani yana cewa "ai danginsu ɗaya" sai raina ya ɓaci. Zaƙami ma dangin tumatir da gauta ne. Je ka yi miya da shi mana!

Saboda haka kada ka ɗanɗana, kada ka tauna, kada ka jiƙa. In ka karya kara ya fitar da farin ruwa irin na tumfafiya, wanke hannu kafin ka taɓa ido.

Sai masu manhaja. Google Lens da PlantNet suna taimakawa, ni ma ina buɗe su, amma hasashe suke jero maka. Na farko a jerin ba wahayi ba ne. Duba ko tsiron ma yana fitowa a Afirka ta Yamma kafin ka yaɗa.

Sunan Hausa shi ma yakan yaudara: abin da ake kira wani suna a Daura, a Zariya wani tsiron ne. Tambayi 'yar mai ganye a kasuwa, amma ka ce ta nuna maka ganyen.

Aiko tsiro a leda kuwa, don Allah ku bari. Daga Legas zuwa Katsina a mota, abin da zai iso ruɓaɓɓen ganye ne mai wari. Shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, danne da abu mai nauyi, canza takardar kullum har ya bushe. Rubuta rana da wuri da launin furen nan take, don launi yana gushewa. Irin wannan ne za ka iya kai wa ɗakin adana busassun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a kwatanta maka.

Kuma a ɗauki hoto da safe. Furen ƙafar akuya kafin la'asar ya yanƙwane, ni kuma ba malamin duba ba ne.