Kurakuran da muke tafkawa a tsakiyar kakar fantasin besbol

Mu goma sha biyu ne a gasarmu ta fantasin besbol, inda kowa ke haɗa tawaga da sunayen 'yan wasan gaske ya ci maki daga abin da suka yi a fili, kusan duka mazauna Bronx a birnin New York: direbobin tasi, ma'aikatan asibiti, da ɗalibai biyu. Da Firimiyar Ingila muka taso, zama kusa da filin Yankees ne ya ja mu cikin besbol. Kuɗi ba ma sawa, gudun kada abin ya koma caca. Wanda ya zo na ƙarshe shi ke ciyar da sauran shinkafa da nama a watan Oktoba, kuma wannan kunyar kaɗai ta isa ta hana magidanci barci.

Wanda ya saba da fantasin Firimiya ya san mutum dubu za su iya riƙe ɗan wasa ɗaya. A nan kuwa kowane ɗan wasa mai shi ɗaya ne, a watan Maris ake zaman rabo, kuma kusan kullum ana wasa. Tsarinmu shi ake kira roto: fanni goma, biyar na masu bugu, biyar na masu jifa. A kowane fanni na ɗaya ya kwashi maki 12, na ƙarshe ya tashi da 1.

Kuskuren da ke haifar da sauran shi ne yarda da kalmar "rabin kaka". Kowace ƙungiya a babbar gasar besbol ta Amurka wasa 162 take yi, amma kafin a tafi hutun wasan taurari a tsakiyar Yuli an riga an buga kusan 95. Abin da ya rage bai kai 70 ba. Masu tsarin gaba-da-gaba, inda tawaga ke karawa da tawaga mako-mako, nasu ma ya fi tsanani, domin wasannin kifa-ɗaya-ƙwala kan fara tun ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Sai ka ji mutum a Yuli yana cewa ai da sauran lokaci, yarana za su farfaɗo. Ka buɗe kalanda ka ƙirga makonnin da yatsa, za ka daina faɗin haka.

Daga nan sai babban ciwo, kallon jimillar maki a bar teburin fannoni. A ce kai ne kan gaba a hom-ron, wato bugun da ke tsallake katangar fili, ka ba na biyu ratar 40. Duk hom-ron ɗin da yaranka za su ƙara daga yau ba ta da wani amfani, maki 12 ɗin nan dai su ne. A fannin satar bes kuwa, wato mai gudu ya tsere zuwa tasha ta gaba yayin da ake jifa, kana na tara, amma tsakaninka da na biyar sata takwas ce kacal. Ɗan wasa ɗaya mai ƙafa zai iya kawo maka maki huɗu. Gyaran a bayyane yake: ka ba da mai ƙarfin bugu, ka karɓi mai gudu. Amma zuciya ba ta so, saboda mai ƙarfin bugun sunansa ya fi girma, kuma kana tsoron a yi maka dariya a guruf. Bari su yi. Tun 2023 da aka sa agogon jifa, aka faɗaɗa bes daga inci 15 zuwa 18, aka kuma taƙaita yawan jifan da ake yi wa mai shirin sata, sata ta yawaita. Shekarar ce Ronald Acuña ya yi 73. Ke nan masu gudu ba su da tsada irin ta da, wani lokacin ma a kasuwar waɗanda babu mai su za ka tsinci ɗaya kyauta.

Sai dai ka lura wa za ka ba. Idan wanda ka ba mai hom-ron ɗin zai wuce abokin hamayyarka a wannan fanni, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan kuwa abokin hamayyar ka ba, akuyar da ka sayar ce za ta dawo tana ci maka danga.

Fannonin da ake auna su da matsakaici, irin su ERA (cin da ake yi wa mai jifa a kowane inin tara; inin zangon wasa ne, tara ake yi a wasa) da WHIP ('yan adawan da yake bari su hau bes a kowane inin), a Yuli sun riga sun yi nauyi. Na taɓa ba da manyan masu bugu biyu don in samu gwanin jifa ɗaya, ina ganin shi zai wanke mini ERA. Da na zauna da alƙalami daga baya sai jikina ya yi sanyi. Idan tawagarka za ta jefa inin 1,400 a kaka da ERA 4.00, ka cire mai 4.00 ka sa mai 2.50 na tsawon inin 80, abin da ka rage wajen ci 13 ne kawai. ERA ɗinka zai sauko zuwa wajen 3.91. Idan na gabanka yana 3.95, ciniki ya yi. Idan yana 3.60, kyauta ka yi. Kafin ka sayi gwani ma, fara daina sa raunanan masu jifa a filin Coors na Denver, mai tudun kusan mita 1,600, inda ƙwallo ke tashi kamar an hura mata iska.

Maganar haƙuri da ɗan wasa ita ce muka fi yin musu a kanta. Kowa na kafa hujja da Aaron Judge na Yankees. A ƙarshen Afrilun 2024 matsakaicin bugunsa .207 ne, wato dacewa 207 cikin dubu, har 'yan kallon gida suka yi masa ihu, amma ya gama kakar da .322 da hom-ron 58, ya zama gwarzon shekara. Gaskiya ne, wanda ya sayar da shi a lokacin ya yi da-na-sani. To amma Afrilu ce, kuma Judge ne. Tsohon da ka ɗauka a zagaye na uku na zaman rabo, wata uku da rabi yana jan ƙafa, kai ba shi kake karewa ba, zaɓinka na Maris kake karewa. Hanyar rabe rashin sa'a da lalacewa tana shafin Baseball Savant, kyauta. Idan har yanzu yana dukan ƙwallo da ƙarfi kamar bara, kuskurensa bai ƙaru ba, ƙwallayen ne ke faɗawa hannun masu tsaro, to riƙe shi. Idan ƙarfin dukan ya ragu, ko mai jifa ne saurin jifansa ya sauka da mil biyu, sallame shi tun sunansa na da sauran daraja.

Ƙarshen Yuli ko farkon Agusta ake rufe kasuwar musayar 'yan wasa ta gaske, kuma a nan masu kulle wasa, wato masu jifan da ake sakawa a inin na ƙarshe don su tsare nasara, ke narkewa a hannun mutane. Ryan Helsley ya tsare nasara 49 a St. Louis a 2024, fiye da kowa. A ƙarshen Yulin 2025 aka kai shi Mets, inda Edwin Díaz ke riƙe da inin na tara, sai ya koma mai share fage. Haka ta faru da Tanner Scott a 2024, daga Miami zuwa San Diego, ya tarar da Robert Suarez a kujerar. Idan mai kulle wasanka gwani ne a ƙungiyar da ta riga ta fid da rai, ka ɗauka yana kan hanya. Ko ka sayar da shi a farkon Yuli, ko ka ɗauki mataimakinsa ka ajiye, don shi zai gaji kujerar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Matasan masu jifa ma akwai tarko. Garrett Crochet ya haskaka a rabin farko na 2024, amma bayan Yuni White Sox ba su ƙara barin sa ya wuce inin huɗu a wasa ba, don kare hannunsa. Mai fara jifa kuwa sai ya cika inin biyar ake rubuta masa nasara. Duba inin nawa yaronka ya jefa bara. Idan a Yuli ya riga ya wuce adadin, shirya.

Kuɗin ƙarya da ake ba kowa na neman sababbin 'yan wasa, dala 100 a tsarinmu, wasu kan cinye su tun Mayu, wasu kuma su kai Oktoba da 60 a aljihu kamar za a ba su canji. Na biyun ya fi ba ni haushi.

Akwai kuma kurakuran da ba na lissafi ba. Aika wa aboki tayin raini, ka ba shi 'yan benci uku ka nemi tauraronsa, yana sa ya daina buɗe saƙonka har ranar da za ka zo da tayin gaske. Duba teburinsa tukuna, ka ga inda yake ciwo, sannan ka kira shi. Wani ɗalibinmu ya iya wannan. Sai ya bugo ya ce, "Yaya, na ga sata ta yi maka ƙaranci, ni kuma tana neman ruɓewa a wurina." Kafin ka farga ciniki ya faɗa. Haka nan ƙuri'ar soke musaya: an yi ta ne don hana haɗa baki, irin wanda babban wa zai kwashe taurarinsa ya zuba wa ƙane. Mu kuwa mun mayar da ita makamin hana na gaba ƙara ƙarfi, har mutum biyu suka yi wata guda ba sa gaisawa bayan sallar Juma'a. Yanzu kwamishinan gasa kaɗai ke sokewa, kuma sai ya faɗi dalili a gaban kowa.

Mafi muni shi ne wanda ya ga ya faɗo na goma sha ɗaya ya yar da tawagarsa, masu rauni na kwance a jerin farko mako uku. Yana ganin kansa kaɗai ya cuta, alhali duk wanda ke bayansa a wani fanni zai wuce shi a banza, kambu ya tafi hannun wanda bai yi gumi ba. Mun gwada roƙo, mun gwada gori, ba su yi aiki ba. Abin da ya yi aiki shi ne ƙaramar gasa da muke buɗewa daga ranar da aka dawo hutun taurari, lissafi ya fara daga sifili. Cikin shida na ƙasan tebur, wanda ya fi tara maki shi zai fara zaɓe a Maris mai zuwa. Wanda kuma aka kama da mai rauni a jerin farko kwana bakwai a jere, shi ke kawo lemon da za a kora shinkafar Oktoba.