Inda ya kamata fayil ɗin saiti ya zauna

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu rubuta manhaja. A makon jiya wani ƙanena a Nima ya kawo mini kwamfutarsa, yana kukan cewa manhajar harhaɗa aiki da suka rubuta tana tafiya lafiya a Linux, amma a Windows ba ta ganin fayil ɗin saitinta. Da na duba sai na tarar sun kafe ~/.config, wato jakar saiti ta Linux, a cikin rubutun, alhali kowane tsarin kwamfuta yana da nasa gurbin.

A Linux, ƙa'idar XDG, mai tsara inda manhajoji ke ajiye fayilolinsu, ta ce a fara duba wurin da aka saita a XDG_CONFIG_HOME, idan ba a saita shi ba a koma ~/.config. A macOS wurin shi ne ~/Library/Application Support, a Windows kuma %APPDATA%. Shawarata ita ce kada ku rubuta waɗannan da hannu, ku bar kayan aikin da aka yi don haka, wato platformdirs a Python ko directories a Rust, su zaɓa muku.

Cargo da Gradle, manhajojin harhaɗa aiki na Rust da Java, sun bi wata hanya daban, wato jaka ɗaya a babbar jakar mai kwamfutar a kowane tsari, .cargo da .gradle, tare da CARGO_HOME da GRADLE_USER_HOME ga mai son sauya wuri. Wannan ya fi sauƙin bayani, sai dai a ganina yana cakuɗa saiti da tarin kayan da aka sauko da su daga intanet, waɗanda kan cika rumbun ajiya.

Idan kuma za ku ƙaura zuwa sabon wuri, ku sa manhajar ta ci gaba da karanta tsohon fayil ɗin muddin yana nan, tana gargaɗin mai shi ya matsar da shi.